Sati Uku Ina Kiwon Cuta a Ƙafar Baba Arzika

Ku da kunka zo a koya muku wankin ciwo, na ji abin da ɗayanku ya faɗi a bakin ƙofa, wai aikin auduga da aidin ne, ko makaho anka miƙa ma bandeji zai naɗa. Ban ji haushi ba. Ni ma da irin wanga baki na shigo ɗakin nan, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma nawa ya fi naku kaifi. Ku gyara zama bisa benci, masu ciwo ba su taruwa sai rana ta ɗaga.

Ciwo na farko da na ga an gyara a nan, nawa ne. Ni ɗan Rundawa ne, mahauta ke nan, kakana fawa, ubana fawa. Boko na tsaya aji uku na sakandare, ni da malamai munka rabu ba wanda ya yi kewar wani. Ina taya baba fiɗar rago ran wata Lahadi, kasuwa ta cika, wuƙa ta zame ta buɗe mini tafin hannu. Anka kawo ni wurin Sista Kulu, wadda ta aje aikin asibitin gwamnati ta buɗe wannan ɗan kilinik. Tana ɗinki ina leƙe, har ina gaya mata layinta ya karkace, telan unguwarmu ya fi ta hannu. Da ta gama ta ce tunda take ba ta taɓa ganin wanda ake ɗinkewa shina surutu ba. In baba ya yarda in dawo, tana neman wanda jini bai juya ma ciki.

Wata uku ban taɓa ciwon kowa ba. Aikina tukunyar tururi. In wanke almakashi da hantsaki da burushi, haƙori-haƙori, don jini can cikin gaɓar ƙarfe yake laɓewa, in jera su, in rufe murfi in ɗaure, in zauna ina sauraron tukunya tana huci. Na ce mata ni fa ba girki na zo koyo ba. Ta ce to in koma fawa. Ban koma ba. Bayan nan ta bar ni in riƙe tasa, bayan nan in yanka filasta, sannan ta bar ni in wanke ƙunar wani ɗan kabu-kabu tana tsaye a kaina. In na mai da auduga inda na riga na goge sai ta buge mini bayan hannu. Daga tsakiya zuwa waje, sau ɗaya, ka yar, ka ɗauki wata. Har yau bayan hannuna bai manta ba.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan a faranti. Hantsaki biyu, ɗaya na ɗauko abu mai tsabta, ɗaya na taɓa ciwo, kada ka bari su gaisa. Almakashi mai lanƙwasa. Tasa mai siffar ƙoda, ita kam tun ranar farko na gane ta, ƙoda dai na san ta. Ruwan gishiri na leda, aidin, safar hannu, da siririn ƙarfen nan da ake zurawa a ji zurfin rami. Sai wanga ɗan cokali, bakinshi bai kai ƙwayar gyaɗa ba amma gefen da kaifi. Na ɗauka na sakace kunne ne. Na kankarar ciwo ne, kuma duk farantin shi na fi ƙi, don da an ɗauko shi fira ta ƙare, ƙato ya fara kiran sunan uwarshi. Ni kuwa na fi son mutane su fita suna dariya suna cewa yaron Sista hannunshi da sanyi.

Ƙunar salansa ita ce ta kullum, masu babur da fasinjojinsu, kuma ba mai zuwa sai ya riga ya shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai. Sai masu tuyar ƙosai da mai ya fallatsa ma. Sai Bafulatanin da saniya ta taka, wanda bai zuwa sai ƙafa ta ƙi shiga takalmi, ka tambaye shi da ciwo, ya ce maka seɗɗa, wai kaɗan, alhali gumi na bin gemunshi. Sai mutanen Ƙonni da ke ƙetaro iyaka da takardar likita da Faransanci, ni in juya ta sama in juya ta ƙasa in gyaɗa kai, sannan in kai ma Sista. Duk abu ɗaya ya haɗa su: kafso. Kowa ya ji ciwo sai ya sayi ja da rawaya wurin mai tallan magani a kwali, ya ɓare, ya barbaɗa garin cikin ciwon awa yaji bisa tsire.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda ruwa ya yi yawa har tafkin Kalmalo ya cika. Tafkin ya daɗe shina ja da baya, wasu shekarun noman rani ake yi a cikinshi, sai ga ruwa, sai ga kifi. Tsofaffin da sunka rataye ragarsu tun tuni sunka sauko da ita. Mutum ya wuni tsundum, tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari ya tsage, ɗan ƙaramin ciwo ya ƙi kamewa. Bencin da kuke kai bai isa, wasu a ƙasa suke zama. Ana cikin haka ɗiyar Sista ta haihu a Sakkwato, ta shirya tahiya wankan jego. Ta bar wani ma'aikaci mai zuwa da la'asar don masu allura, ni ta bar mini ƙananan ciwuka, ta kuma ja mini kunne kan abu ɗaya: ciwon ƙafar tsoho, in auna suga kafin in taɓa, in ya hau in tura shi babban asibiti. Na ce ta tahi abinta, Illela na hannun ƙwararru.

Kwana biyu da tahiyarta anka sauke Baba Arzika daga kan babur. Masunci ne na Kalmalo, dogon tsoho, gemu fari tas. Ƙayar kifin ƙurungu ta soke shi a tafin ƙafar dama, gindin ƙananan yatsu, kwana goma da sunka wuce. Da jin an ce ni ɗan Rundawa ne sai ya toshe hanci ya ce a buɗe taga, ɗakin na warin tumbi. Kun san tsakanin mahauta da masunta wasa ne tun kakanni, duk abin da ɗaya ya yi ma ɗaya ba a fushi, ko da yaro ne da sa'an kakanshi. Na ce ai tun shina hanya kuliyoyin unguwa sunka sanar da mu zuwanshi. Daga ranar bai taɓa kirana Lawali ba, sai Barunje, wato mahauci. Na ɗauko na'urar awon suga, ya ce in aje, suga ciwon Alhazai ne masu shan lemun kwalba, shi da ya tashi da fura da kifi ina zai gamu da shi. Munka yi dariya, na aje. Kuskure na farko ke nan, kuma cikin raha na yi shi.

Ciwon bai fi bakin kwalba ba. Na wanke, na sa aidin, ko motsi bai yi ba. Na ce masunta dai da tauri, ya ce ya sha maganin ƙarfe tun ubana bai san wuƙa ba. Ashe suga ne ya kashe mashi jin ƙafar, ko allura ka soka bai sani.

Na naɗa bandeji fari ƙal, na ce kada ya shiga ruwa. Ya dube ni awa na ce ya bar numfashi. Ya ce shekara nawa shina jiran ruwan ga, in nemo wata magana. To ni abin da ya dame ni bandejina, kada ya dawo da shi baƙi da laka a ce yaron Sista bai iya ba. Sai na kawo dabara. Ya zura ƙafar cikin leda biyu, ya ɗaure a ƙwauri da robar tayar keke, ruwa ba zai shiga ba. Har ƙullin na nuna mashi. Dabarar ta yi mashi daɗi, ya zamana ko ya fito ruwa bai kwancewa, bisa ledar yake shafa in zai yi alwala, da ita yake kwana. Ku tuna zafin garin ga, ku tuna ƙafa cikin leda biyu daga safe zuwa wata safiya. Da maraice kuma ya ɗaga gefe ya barbaɗa kafso ya mai da. Na sani, ina ganin rawayan garin, na ce a raina ai ƙari ne bisa aikina.

A sati na biyu na buɗe na ga wani abu ya shimfiɗu bisa ciwon, fari-fari da ɗan rawaya, sumul, shina sheƙi. Na taɓa da hantsaki, ga santsi, ga shi ya kama gam, ruwan gishiri bai ɗaga shi. Na ce ma Baba albishirinka, sabuwar fata ta fara. Daga nan na koma lallaɓa ta. In bi gefe-gefe da auduga awa mai shafa ma jariri mai, in ɗiga aidin a sama, in rufe. Cokali ko kallonshi ban yi ba. In faɗa muku gaskiya, akwai abubuwan da idona ya gani. Bakin ciwon na faɗaɗa, bayan ƙafar ya kumbura, ɗan yatsan ƙarshe ya fara duhu, ga wani wari mai tsami irin na ƙullun da ya kwana. Warin na ɗora ma kifi, duhun na ɗora ma laka. Mai allurar la'asar bai taɓa ganinshi ba, don Baba da sassafe yake zuwa ya koma ruwa.

Sista ba ta jira arba'in ba, dangin mijin ɗiyar sunka karɓi hidimar ta dawo, ranar Baba ya cika sati uku a hannuna. Ta shigo tana amsa barka, shi shina bisa gado, ni ina kwance leda ina ba shi labari. Ta tsaya. Ko jaka ba ta aje ba ta tambayi wa ya sa ledar nan. Baba ya ce dabarar Barunje ce, yaron na da kai. Ta wanke hannu, ta sa safa, ta duƙa. Na matso ina nuna mata fatar da na reno. Ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Ba ni cokali."

Ja ɗaya ta yi, abin ya taso gaba ɗaya awa saman kunun da ya huce, shina yauƙi. A ƙarƙashi ba jan nama, sai wani toka-toka, da rami. Ta zura siririn ƙarfe, ya shige, ya ƙara shigewa, ya nufi gindin yatsu har ya tsaya ga ƙashi. Ta soki yatsan hannunshi ta auna suga, ta juyo mini da na'urar in gani da idona. Ban san lambar na kai can ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta sa anka kira ɗanshi, ta rubuta takarda zuwa babban asibiti a Sakkwato, ta roƙa a ciki a ɗebi nama a duba, kuma kada a tsaya ga ƙwayoyin cuta kaɗai, a nemi funfuna. Kafin mota ta zo ta ja ni bayan ɗaki inda jarkar ruwanmu take, ta ce in zura yatsa in shafo cikinta. Santsi. Ta ce in girgiza ruwan da ƙarfi in zubar in sake shafawa. Santsin na nan. Ta ce to shi ne na kwashe kwanaki ina yi ma ado.

Ga yadda ta yi mini bayani, ku ma ku riƙe. Ƙwayoyin cuta in suna yawo ɗai-ɗai magani na samunsu, jikin mutum ma na gamawa da su. Amma in sunka samu wuri mai laima da ɗumi sunka zauna, sai su fitar da wannan yauƙi su lulluɓe kansu, su kafa gari a ciki. Aidin ya tsaya bisa rufi, garin kafso ya tsaya bisa rufi, wanda anka sha ma da ƙyar yake ratsawa. Kuma na ƙafar Baba, a ganinta, ba dangi ɗaya ba ne. Akwai ƙwayoyin da ke kawo mugunya, su ne kafso ke ɗan taɓawa. Akwai kuma funfuna, 'yar uwar wadda ke fitowa bisa tuwon da ya kwana biyu da wadda ke farfasa tsakanin yatsun masu shiga ruwa. Ita ba ruwanta da kafso, sai ma ya share mata fili. Na ce to wace ta fi mugunta. Ta ce kowace ita kaɗai da sauƙi, haɗuwar ce bala'i. Funfuna na miƙa siraran saiwoyi tana huda nama, ƙwayoyin su manne a jikinta ta shiga da su inda su kaɗai ba su kaiwa, yauƙinta kuma ya zame musu bargo, maganin da zai kashe su a fili ya kasa. Na ce ashe irin masu bi da kaya ta bayan iyaka ne, ɗaya ya san hanyar daji, ɗaya ke da kayan. Ta ce in kira su abin da na ga dama, amma in sani suga ya ba su abinci, ni na ba su ɗaki.

Awo ya fito yadda ta ce, iri biyu a haɗe. Likitan can ya ce ƙananan yatsu biyu sun riga sun tahi, ƙashin ya taɓu, anka cire su. Sauran ƙafar kuwa ya ce bai yi alkawari ba. Anka riƙe shi kwanaki ana magani, na ƙwayoyi daban na funfuna daban, ana saukar da suga, sannan anka sallame shi da sharaɗi. A kankare ciwon duk bayan kwana biyu har jini ja ya fito, don kwana biyu zuwa uku sun ishi yauƙin ya sake gini. Kada ƙafar ta ga ruwan tafki. A dawo bayan sati shida, in an iske ramin na ci gaba za a yanke daga ƙasan gwiwa.

Sista ta ce ni zan yi. Na ce ta sa wani.

"Kai ka kiwata, kai za ka fiɗe. Ba ɗan Rundawa ba ne kai? Ka san mataccen nama, ka san mai rai. Je ka ɗauko cokali."

Nan fawa ta yi mini rana. Mataccen nama launin toka gare shi, shina bin cokali awa jiƙaƙƙen kwali, ba jini. Mai rai ja ne, gurza-gurza irin tsakiyar kankana, kana taɓa shi jini na tsattsafowa. Nan za ka tsaya, kada ka wuce. In kankare, in tura ruwan gishiri da sirinji har lungun rami, in cusa ƙyalle mai magani sako-sako, in rufe da abin da iska ke ratsawa. Baba na zaune gidan ƙanenshi nan cikin Illela, an raba shi da kafso, an raba shi da shayi mai zaƙi. Ina aiki shina yi mini tsiya, wai na samu nama kyauta, ya ce ma Sista a riƙa caje aljihuna kafin in fita. Cikin sati biyu ramin ya fara cikowa daga ƙasa.

Sai ran wata Talata bai zo ba. Laraba shiru. Ƙanenshi ya ce wai ya je ya ga gida ya dawo. Ran Alhamis na ɗauki bandeji na hau babur sai Kalmalo. Na iske shi bakin tafki da hantsi, fitowarshi ruwa ke nan. Ƙatuwar gorar da yake kifa ciki a kai shina yawo bisa ruwa tana gefenshi, ƙafa cikin leda biyu, ɗaure da roba, ƙullin da na koya mashi. Masunta kusan goma na wurin suna gyaran raga, ba wanda bai haife ni ba. Na durƙusa a gabansu na kwance ledar. Kwana huɗu kacal, farin ya dawo, sumul, shina sheƙi.

"Barunje, ruwan ga ja yaka yi," in ji shi. "Wata guda yar rage mai. In niz zamna Illela ina kallon bango, wa ya sani ko ina da rai shi sake cika?"

Ɗanshi na tsaye ya sunkuyar da kai. Ba ɗan da zai ce ma ubanshi tashi mu tahi a gaban sa'o'inshi. Ko Sista ce a wurin sai dai ta roƙa. Amma ni Barunje ne. Na miƙe na ɗauki gorar na ɗora a kai, na ce na kama ta, kayan masunci halal ne ga mahauci, wanda ya isa ya zo ya karɓa. Tsofaffin sunka fashe da dariya. Ɗayansu ya ce ai kuwa ta kamu, Arzika ba shi da ta cewa, sai dai ya fanshe ta. Baba ya ce to in faɗi fansar ya ji.

"Ƙafarka, Baba. Ka kawo mini ita duk bayan kwana biyu har likita ya gani. Ran da ya ce ta tsira ka ɗauki gorarka. In anka yanke kuwa, da mi za ka tura ruwa?"

Dariyar ta tsaya.  Baba ya ce ma ɗanshi ya nemo mashi babur, kuma a gaya ma ɓarawon nan gorar ta girmi ubanshi, in ta yi ko tsaga sai ya ga abin da ya fi wuƙa. Na naɗe ƙafar da busasshen bandeji munka taho, babur biyu, shi a gaba, ni a baya rungume da gora, yara na bin mu da ido. Da isowa na dafa cokali munka faro daga farko.

Gorar ta zauna saman kabad ɗin can. Bai ƙara fashi ba. In ya shigo ita yake fara gaidawa, sannan Sista, ni kuwa sai dai ya miƙo mini ƙafa. Yauƙin bai tahi da daɗi ba, ka kwashe yau ka iske shi jibi, amma kullum shina raguwa, daga faɗin ciwon ya koma lungu ɗaya. Ran da na ga wani haske-haske a bakin ciwon ban taɓa ba sai da na kira Sista, don na bar yarda da idona kan farin abu. Ta ce wannan karon fata ce. Ta gaske daga gefe take tasowa, siririya, ja-ja, a bushe, tana rarrafawa ciki a hankali. Wadda ta faɗo tsakiya rana ɗaya tana sheƙi, ku ɗauko cokali. Lokacin kuwa labari na zuwa daga Kalmalo ruwa ya ja, kifi ya yi ƙasa. Ba wanda ya faɗi a gabanshi, shi ma bai tambaya ba.

Ran komawa Sakkwato Sista ta ce in bi su. Likita ya buɗe, ya nemi inda zai zura ƙarfe bai samu ba. Ya danna nan ya danna can, ya tambayi wa ke wankin. Baba ya nuna ni da haɓa ya ce wani mahauci ne. Likita ya ce ƙafa ta tsira. Baba ya juyo ya dube ni.

"Gorata."

Likita bai gane ba, ya ci gaba da nashi. Daga yau takalmi rufaffe, a duba tafin ƙafa kullum, maganin suga ba bari, ruwan tafki kuwa sai ciwon ya rufe ruf, shi ma da dogon takalmin roba. Baba ya ce ya ji.

A mota ya karɓe gidan gaba. Tun daga Sakkwato har munka wuce Gwadabawa shina gaya ma fasinjoji kada wanda ya ƙara cin tsire a Illela, akwai yatsunshi biyu da har yau ba a yi mashi bayaninsu ba. Da munka sauka tasha 'yan kabu-kabu sunka yo kanshi, ya kore su da sanda, ya ce da ƙafa zai tahi Kalmalo. Na ce likita bai ce haka ba. Ya ce to gidan ƙanenshi. Na ce masallacin bakin tasha dai, daga nan babur. Munka tsaya a haka. Ya miƙa ma ɗanshi sandar, ya gyara riga, ya taka. Ni ina biye, ban kallon komi sai ƙafar dama, yadda diddige ke sauka, da inda nauyi ke komawa tunda yatsu uku sunka rage. Ɗingishin kaɗan ne. Da ya kai ƙofar masallaci bai tsaya ba, ya wuce, ni kuma ban kira shi ba.